Lissafin gunduwa-gunduwa: Yadda injiniyoyi ke gwada ƙarfin gini da gada a kwamfuta

Wanda ya fito daga Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi ya hau Titin Zariya ya nufi cikin birnin Kano, da wuya ya kauce wa gadar Dangi, inda ababen hawa ke wucewa hawa uku, wasu ta ƙasa, wasu ta tsakiya, wasu ta sama. Kafin a zuba kankaren gada irin wannan, dole wani ya amsa tambayoyin da masu bi ta kanta ba sa tsayawa yi: nauyin motoci nawa za ta ɗauka a lokaci guda, ina ne za ta fara tsagewa idan nauyin ya wuce kima, kuma yaya za ta kasance bayan shekaru hamsin na zafin bazara da sanyin hunturu?

A wannan zamani, babbar hanyar da injiniyoyi ke bi wajen amsa irin waɗannan tambayoyi ita ce wani fannin lissafi da suke taƙaita sunansa da haruffan FEA, wanda za a iya kira lissafin gunduwa-gunduwa. Da shi ake gwada ƙarfin gadoji da benaye da madatsun ruwa, haka nan jikin mota da fikafikan jirgin sama, har ma da ƙarfen da likitoci ke dasa wa wanda ya karye. Sunan baƙo ne ga yawancin jama'a, amma ɗan kasuwar da ke shirin gina rukunin shaguna da ma'aikacin da ke sa hannu a kan zanen gini duk suna dogara da sakamakonsa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Mene ne lissafin gunduwa-gunduwa?

Mai awon fili, idan ya tarar da gona mai kusurwoyi barkatai wadda ba ta da siffa ɗaya, yakan yanyanka ta a takarda zuwa ƙananan murabba'ai da masu kusurwa uku, ya auna kowanne, sannan ya haɗa jimilla. Dabarar ke nan da injiniyoyi suka ɗauka. Lissafin yadda sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ke lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi abu ne da aka sani tun ƙarnoni da suka wuce, ana kuma iya yin sa da biro da takarda. Amma gada mai lanƙwasa, ko dakin mai ramin matakala a tsakiyarsa, ko ƙarfen inji mai huji da lungu, ba su da wata ƙa'ida guda da za ta warware su kai tsaye.

Saboda haka sai a zana abin a kwamfuta, a daddatsa shi zuwa dubban ƙananan gunduwoyi masu sauƙin siffa. Gunduwoyin suna haɗuwa da juna a wasu ɗigo-ɗigo da ake kira mahaɗai, kuma idan aka kalli zanen gaba ɗaya sai ya yi kama da ragar kamun kifi, shi ya sa ake kiransa raga. Kowace gunduwa an san yadda take miƙewa ko motsewa idan aka ja ta ko aka danne ta. Aikin kwamfuta shi ne ta nemo yadda kowace mahaɗa za ta gusa, ta yadda dukkan gunduwoyin za su ci gaba da riƙe juna, kuma nauyin da aka ɗora ya yi daidai da ƙarfin da ke tare shi.

Yawan lissafin ne ya sa ba a iya yin sa da hannu. Kowace mahaɗa tana iya gusawa ta fuska uku: gaba ko baya, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Raga mai mahaɗai 100,000 ke nan tana haifar da tambayoyin lissafi 300,000, dukkansu sarƙe da juna, waɗanda sai an warware su a tare. Daga nan ake gano matsin da ke kan kowane sashe, a kwatanta shi da iyakar abin da ƙarfen ko kankaren zai iya jurewa.

Matakai uku na aikin

Mataki na farko shi ne shiri, kuma shi ne ya fi cin lokacin injiniya. A nan ake zana siffar abin, a saƙa ragar, a faɗa wa manhaja irin kayan da za a yi aiki da su. Ƙarfe, alal misali, ya fi kankare tsauri da kusan ninki bakwai. Kankare kuma yana jure danniya sosai, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, dalilin da ya sa ake saka masa rodi ke nan. A nan ne kuma ake nuna inda abin ya dogara, wato ginshiƙai da harsashi, da nauyin da zai hau kansa: nauyin jikinsa, da na mutane da kaya, da bugun iska, da sauyin zafi.

Sauyin zafi ba ƙaramin al'amari ba ne a gari irin Kano, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, sanyin daren hunturu kuma ya sauko ƙasa da digiri 15. Gada mai tsawon mita 100 tana iya miƙewa da kimanin santimita uku idan zafin jikinta ya ƙaru da digiri 30. Wannan ne dalilin tsagin da ake bari a tsakanin sassan gadoji, wanda direbobi ke jin tayoyinsu na bugawa.

Mataki na biyu shi ne warwarewa, aikin kwamfuta zalla, wanda kan ɗauki daƙiƙoƙi ko kwanaki gwargwadon girman ragar. Na uku shi ne karanta sakamako. Manhaja kan fitar da hoto mai launuka, ja a inda matsi ya fi tsanani, shuɗi a inda ya yi sauƙi. Hoton yana da ɗaukar ido, kuma a nan haɗarin yake, domin manhaja tana fitar da shi da kyau iri ɗaya ko bayanan da aka ba ta daidai ne ko kuskure ne.

Taƙaitaccen tarihi

Neman sanin iyakar abin da gini zai ɗauka ya daɗe a ƙasar Hausa. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san iyakar faɗin da azara za ta rufe ba tare da ta lotsa ba, suka kuma ƙware wajen ɗaure azara daki-daki su fitar da bakan gizo. Iliminsu na gado ne da gogewa, ana koyonsa a bakin aiki. Kankare da ƙarfe da benaye masu hawa da yawa sun zo da nauyin da ido da gogewa kaɗai ba sa iya ƙiyastawa.

Tushen lissafin gunduwa-gunduwa ya faro ne daga rubuce-rubucen Alexander Hrennikoff a 1941 da Richard Courant a 1943, amma bai samu karɓuwa ba sai da kwamfuta ta bayyana. A 1956 wasu masana huɗu, Turner da Clough da Martin da Topp, suka wallafa sakamakon binciken da aka yi a kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing kan yadda za a lissafa tsaurin fiffiken jirgi. Ray Clough, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, shi ne ya raɗa wa fannin sunan da aka san shi da shi a 1960. A Jamus John Argyris ya yi aiki mai yawa a kansa, a ƙasar Sin kuma Feng Kang ya gano irin wannan hanya da kansa lokacin da ake lissafin madatsun ruwa. A 1967 Olgierd Zienkiewicz na Jami'ar Swansea a Birtaniya ya fitar da littafin karatu na farko a fannin.

Manhajojin da ake amfani da su

A ƙarshen shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauki nauyin samar da manhajar NASTRAN. A 1970 John Swanson ya kafa kamfanin da ya fitar da ANSYS, ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi yaɗuwa a masana'antu. Abaqus ta biyo baya a 1978, kuma tun 2005 tana hannun kamfanin Dassault Systèmes na Faransa. Kamfanonin ƙera motoci suna amfani da LS-DYNA wajen kwaikwayon karon mota kafin su fasa ta gaske.

Injiniyoyin gine-gine sun fi sabawa da STAAD.Pro da SAP2000 da ETABS, masu nazarin ƙasa da harsashi kuma da PLAXIS. Akwai kuma manhajoji na kyauta, irin su CalculiX da OpenSees da Code_Aster, wadda kamfanin wutar lantarki na Faransa, EDF, ya samar don ayyukansa sannan ya sake ta ga kowa. Wasu manyan kamfanonin suna ba ɗalibai nau'in manhajarsu kyauta, sai dai an ƙayyade girman ragar da za a iya warwarewa da shi, kuma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba.

Abin da horon ya ƙunsa

Koyon danna maɓallan manhaja ba ya wuce 'yan makonni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin ko amsar da ta bayar gaskiya ce. Shi ya sa horo na ƙwarai ke farawa daga darussan jami'a: ƙarfin kayan aiki, nazarin tsayuwar gini, da hanyoyin lissafi da kwamfuta. Wanda bai iya ƙiyasta lanƙwasar bim ɗaya da biro da takarda ba, ba shi da ma'aunin da zai gane cewa kwamfuta ta kauce.

A matakin farko, ɗalibi yana koyon lissafin da ake ɗauka cewa idan nauyi ya ninka, lanƙwasa ma za ta ninka, kuma idan aka sauke nauyin abu zai koma yadda yake. Wannan ya wadatar ga yawancin ayyukan yau da kullum. Horo mai zurfi yana farawa ne daga inda wannan zato ya daina aiki. A nan ake koyon lissafin ƙarfen da ya wuce iyakarsa ya tanƙware har abada, da kankaren da ya fara tsagewa, da sassa biyu da ke gugar juna ko rabuwa, kamar ƙusa mai noti da ƙarfen da ta ɗaure. Ana koyon yadda siririn ginshiƙi ke kantsarewa farat ɗaya tun kafin ƙarfinsa ya ƙare, da yadda girgizar inji ko janareta ke ratsa gini, da gajiyar ƙarfe, wato tsagewar da ke zuwa bayan an ɗora nauyi an sauke sau miliyoyi, irin wadda ke karya sifirin da gindin manyan motoci.

Haka nan ana koyon tasirin gobara. Ƙarfen gini yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600, abin da ya shafi kasuwannin Kano kai tsaye, ganin yadda gobara ta sha tashi a cikinsu, ciki har da wadda ta cinye sashe mai yawa na Kasuwar Sabon Gari a 2016. Ginin da ya tsaya bayan gobara yana buƙatar a sake auna ƙarfinsa kafin a mayar da kaya da mutane cikinsa.

Darasi mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne tantancewa. Ana koya wa ɗalibi ya sake saƙa ragar da gunduwoyi ƙanana fiye da na farko, ya sake lissafi, ya ci gaba da haka har sai amsar ta daina canzawa. Ana koya masa ya duba ko jimillar ƙarfin da ginshiƙai suka tare ya yi daidai da nauyin da aka ɗora, ya kuma kula da ma'auni, domin wasu manhajojin ba su san bambancin mita da milimita ba, lambar da aka shigar kawai suke gani. Daga ƙarshe, a kwatanta sakamakon da gwaji na zahiri a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙungiyar NAFEMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1983, ta keɓanta ga wannan batu na inganci, tana kuma ba da shaidar ƙwarewa ga masu wannan aiki.

Inda ake samun tushen ilimin

Ɗalibin da ke Kano yana da tsangayoyin injiniyanci a kusa da shi: Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, sai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ga masu neman difloma. Digirin injiniyanci yana ɗaukar shekaru biyar, tare da watannin koyon aiki a masana'antu ko wuraren gini. Yawanci a shekarun ƙarshe da kuma karatun digiri na biyu da na uku ne ɗalibi ke shiga wannan fanni sosai. A ɓangaren ƙere-ƙere akwai cibiyar haɓaka na'urori masu aiki da ƙarfin ruwa, HEDI, da ke Kumbotso a ƙarƙashin hukumar NASENI.

Takardar shaidar kammala kwas ɗin manhaja ba ta mayar da mutum injiniya. Ikon sa hannu da hatimi a kan zanen ƙarfin gini yana hannun wanda ya yi rajista da majalisar kula da aikin injiniya ta ƙasa, COREN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 55 ta 1970, kuma rajistar tana zuwa ne bayan shekaru na aiki a ƙarƙashin ƙwararru.

Matsalolin da masu koyo ke fuskanta sanannu ne. Lasisin manyan manhajoji da dala ake biyansa, abin da ke tura wasu ga kwafin sata, wanda ba shi da garanti kuma ya saɓa wa doka. Babban lissafi yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba. Akwai kuma matsalar bayanai: alƙaluman da ke zuwa a cikin manhaja na kayan ƙasashen da aka ƙera ta ne, alhali ƙarfin rodin da ke kasuwa, da yashin da aka ɗebo, da jar ƙasar da za a yi gini a kanta, sai an gwada su a nan kafin a san su.

Darasin Sleipner

Babu labarin da malaman wannan fanni suka fi ba ɗalibansu kamar na Sleipner A. Wani katafaren gindin kankare ne da aka gina don ɗaukar dandalin haƙo iskar gas a tekun ƙasar Norway. A ranar 23 ga Agusta, 1991, ana cikin gwajin nutsar da shi a ruwa kusa da birnin Stavanger, sai ɗaya daga cikin bangayensa ya tsage, ruwa ya kwararo fiye da yadda famfuna za su iya kwashewa, ginin ya nutse baki ɗaya. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar da kimanin dala miliyan 700.

Bincike ya nuna cewa an yi lissafin da NASTRAN, manhajar da babu mai shakkar ingancinta. Kuskuren ya fito ne daga ragar da aka saƙa a mahaɗar bangayen, wadda siffar gunduwoyinta ba ta dace ba, har ta sa aka rage ƙiyasin matsin da ke neman yanke bangon da kusan kashi 47 cikin 100, ga kuma rodin da aka saka a wurin bai kama yadda ya kamata ba. Wannan ya faru ne a ƙasa mai ƙwararrun injiniyoyi da kayan aiki na zamani. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya shafi mai gini da mai sa hannu

Rushewar gini ba baƙon labari ba ne a Najeriya. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Jihar Legas ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasu. A watan Agustan 2022 wani bene mai hawa uku da ake ginawa a Titin Beirut, kasuwar 'yan waya ta Kano, shi ma ya rushe. Kowace rushewa da nata dalilin, amma akwai abubuwa kaɗan da mai kuɗin gini zai iya kiyayewa tun daga farko.

Na farko, ya faɗa wa injiniya gaskiyar abin da zai yi da ginin. A ƙa'idojin Birtaniya da injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna bi, dakin ɗin gidan zama ana lissafa masa kayan da ba su wuce kimanin kilo 150 a kan kowace murabba'in mita ba, ban da nauyin jikinsa. Buhun shinkafa kilo 50 ne. Idan aka shimfiɗa buhu biyu a kan murabba'in mita ɗaya aka jera su hawa goma, an ɗora tan guda ke nan, fiye da ninki shida na abin da aka lissafa. Mayar da benen gidan zama sito, ba tare da an sake lissafi ba, ganganci ne. Haka tankin ruwa mai lita 5,000 nauyinsa tan biyar ne idan ya cika, kuma ƙarin hawa ɗaya a kan ginin da aka zana wa hawa biyu yana canza lissafin tun daga harsashi.

Na biyu, ya yarda a kashe kuɗin gwajin ƙasa. Filaye da dama a Kano tsofaffin kududdufai ne da aka cike, kuma babu manhajar da za ta san abin da ke ƙarƙashin fili idan ba a haƙa an gwada ba. Na uku, ya tabbatar cewa abin da aka zana shi aka gina. Idan lissafi ya ce rodi mai milimita 16 aka saka mai 12, ƙarfen da ke wurin ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Idan aka rage siminti ko aka cika wa kwaɓi ruwa, kankaren da ke cikin kwamfuta daban, wanda ke cikin ginin daban. Hanyar ganewa ita ce a ɗebi samfurin kwaɓin a ranar zubi, a kai shi gwaji bayan kwana 7 da kuma kwana 28.

Ma'aikacin da zane ke biyowa ta teburinsa, a ma'aikatar ayyuka ne ko a hukumar tsara birane ta KNUPDA, ba lallai ne ya iya sarrafa manhajar ba, amma yana da damar neman amsoshi a rubuce. Wane nauyi aka ɗauka, kuma bisa wace ƙa'ida? Daga ina aka samo alƙaluman ƙasa da na kayan gini? An yi lissafin hannu don tabbatar da sakamakon? Wani injiniya na daban ya duba aikin? Wane ne ya sa hatimi, kuma rajistarsa tana nan daram? Injiniyan da ya samu horo na gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin su ne ya riga ya yi wa kansa kafin ya miƙa zanen.

Kuɗin lissafi da na gwaje-gwaje ƙaramin kaso ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin gaba ɗaya, amma sau da yawa su ake fara zaftarewa idan ana neman rangwame. Shagunan da za a gina da wannan ragi, mutane ne za su wuni a ƙarƙashinsu suna saye da sayarwa, ciki har da mai ginin da 'ya'yansa.